Kwanon da Bai Taɓa Fashi Ba

Watan jiya ɗana na biyu ya same ni a zaure bayan isha'i, ya durƙusa can nesa kamar mai neman gafara, yana ta juya waya a hannu. Na san maganar tun kafin ya buɗe baki, don uwarsa ta riga ta tsegunta mini. Na ƙyale shi ya gama kame-kamensa. Ya ga yarinya, gidansu a Rafindadi yake, yana so manya su shiga maganar. Na ce me ka gani a tare da ita? Ya ce tana da hankali, tana da addini, abin da dai kowane saurayi ke faɗi. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma Baba, wallahi ba ta ɓoye mini komai. Duk abin da ke faruwa a gidansu sai ta gaya mini."

Gabana ya faɗi. Wannan maganar ce, kusan ba ragi ba ƙari, na faɗa wa Gwaggona shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ina ta yi mata murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Ni haifaffen cikin birnin Katsina ne, wajejen Ƙofar Marusa. An haife ni a 1969, ana cikin yaƙin basasa, kuma tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake bin ƙanen mahaifina fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi. Wanda ya san hanyar ya san ba baƙunta muke zuwa ba. Katsinawa ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa sarkinsu, kuma da wuya ka sami tsohon gida a birni da ba shi da dangi a can. In ka tashi bayan asuba ka bi ta Jibiya, ka tsallaka Magama, ka wuce Ɗan Isa, kafin azahar kana cikin kasuwar Maraɗi kana ciniki. Yadi da atamfa da shadda muke ɗaukowa. Sana'a ce da ke tafiya kan yarda. Mutum zai ɗora maka kayan da suka fi ƙarfin jarinka sau uku ba takarda ba shaida, saboda kawai bai taɓa jin an ce ka gaza ba. Ran da aka ji ka gaza, ko ƙarya ce, ranar kowa zai tuna yana bin ka. Ku riƙe wannan, don shi ya kashe aurena na fari.

A wajen wani biki a Sabon Layi na gan ta. Fara ce, doguwa, ga fara'a, in ta fara magana ba ka son ta daina. Ina da Vespa a lokacin, kullum bayan magariba ina ƙofar gidansu. Ba mu yi wata guda muna zance ba na san gidan nan kamar a ciki aka haife ni. Na san mahaifinta ba ya raba kuɗin cefane daidai. Na san kishiyar uwarta tana bin malaman tsibbu. Na san yayanta ya sayar da gonar gado a ɓoye, na san mijin yayarta yana da saurin hannu. Ni kuwa duk lokacin da ta kwance mini wani ƙulli sai in ji kaina ya ƙara girma, ina cewa yarinyar nan ta ɗauke ni nata, ta amince da ni fiye da kowa.

Gwaggo yayar mahaifina ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, daddawa da kuka take sayarwa a cikin gida, kuma babu auren da ake ƙullawa a danginmu ba a bi ta kanta ba. Da na gama yi mata bayani sai ta ajiye faifan da ke hannunta ta dube ni.

"Kai ɗan nan, wadda ta ɗauko tukunyar gidan ubanta ta juye maka a ƙofar gida, ran da ta zama taka, tukunyarka ina za ta juye?"

Na yi dariya, na ce Gwaggo zamani ya canja. Ta ce to, Allah ya sa alheri. Ba ta ƙara cewa uffan ba, ita ma ta kai lefen da kanta.

An ɗaura aure a 1993, shekarar da aka soke zaɓen 12 ga Yuni. Watannin farko ba ni da abin cewa, ta iya girki, ta iya tarbar miji, gida kullum a share. Sai dai na fara lura da wani abu. In na ci riba, kafin kwana biyu ƙawayenta sun zo ganin abin da na sayo. In muka saɓa da dare, da safe ƙanwata za ta tare ni da "Yaya, mi ya haɗa ku?" Na yi faɗa, ta yi kuka, ta ce ita ba da mugun nufi ba ne. Kuma gaskiyarta, ba da mugun nufi ba ne. Magana ce kawai ba ta iya kwana a cikinta.

A farkon 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kasuwar kan iyaka ta rikice, kowa na lissafi yana sakewa. Cikin wannan ruɗani na ba wani mutum a Maraɗi kuɗin kaya, ya yi ta yi mini yau da gobe. Wani dare abin ya dame ni, na kasa barci, na faɗa mata. Mutum in bai faɗa wa matarsa ba, wa zai faɗa wa? Kwana uku tsakani, Alhajin da ke ba ni kaya bashi ya zo rumfa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce yana son kuɗinsa kafin Juma'a, ya ji an ce an cinye mini jari. Da na bi sawun maganar sai na tarar a gidan kitso ta fito. Ta faɗa wa ƙawarta, mijin ƙawar kuma layinmu ɗaya a kasuwa. Mutumin Maraɗi daga baya ya kawo kayan cif, ba abin da ya ɓata. Amma kafin nan na sayar da Vespa da rabin kayan rumfa a wulaƙance na biya mutane, kuma sai da na shekara biyu kafin wani ya sake ɗora mini ko turmi goma bashi.

Mun ƙara lallaɓawa har aka haifi 'yarmu, sannan wata rana kan wata 'yar magana da ba ta kai ta kawo ba na rubuta mata saki ɗaya. Iyaye suka sa baki a yi kome kafin idda ta cika, girman kai ya hana ni. A nan dole in faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Shekararta goma sha tara. Ban taɓa zaunar da ita cikin natsuwa na nuna mata yadda kasuwa take ba, tsawa kawai na iya. Ta yi aure a Funtuwa, yau ta fi shekara ashirin da biyar a ɗakinta, ta aurar da 'ya'ya. Wanda ya aure ta ya fi ni haƙuri, ko kuma ya fi ni sanin abin da ake faɗa wa mace da wanda ake bari sai ta ƙara shekaru.

Na zauna gwauro shekara biyu. Ran nan na je gaida Gwaggo, na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, wannan karon ke za ki duba mini." Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce in ba ta lokaci.

Yadda ta yi binciken nan shi nake so samarin yanzu su ji, don ya kusa ɓacewa. Ba ta tambayi liman ba, ba ta tambayi mai unguwa ba. Ta ce waɗannan zaure suka sani, kuma babu mai son a ce shi ya hana 'yar wani aure. Akwai wani gida a Unguwar Alkali da uwar gidan ke yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Gwaggo ta riƙa zuwa sayen mai, kwalba ɗaya ɗaya, kuma ba ta zuwa sai da hantsi, lokacin da ba a yi wanka ba, ba a yi kwalliya ba, aiki ya kacame, ran kowa a kusa yake. Ta ce da yamma kowace budurwa 'yar kirki ce. Ta ga yadda yarinyar ke amsa kiran uwarta in an kira ta sau uku a jere. Ta ga abin da take yi in ƙanenta ya zubar da ruwa a inda ta share. Sannan ta nemi dillaliyar unguwar, wadda babu ɗakin da ba ta shiga. A ƙarshe ta ja abokiyar zaman uwar yarinyar da hira, don a cewarta yabon uwa ba shaida ba ne, a nemi na kishiya. Matar ta ce, "Ban haife ta ba, kuma ni da uwarta ba kullum muke shiri ba. Amma ban taɓa jin maganar ɗakina a waje ta bakinta ba."

Bai ishi Gwaggo ba. Wata rana ta sami yarinyar ita kaɗai tana tuyar ƙuli, ta zauna ta fara bugun cikinta. Ya jikin Malam? Da sauƙi. Ai na ji an ce abubuwa sun yi muku tsanani? Alhamdu lillahi, Gwaggo. Ita waccan ɗin tana dai taimaka wa uwarki kuwa? Suna zaune lahiya. Gwaggo ta ce ta yi juyin duniya, ko ƙwayar gero ba ta faɗo ba. Ta dawo ta ce mini, "Na samo maka. Ba ta kai waccan hasken fata ba, kar ka ce ban gaya maka ba. Amma tana da ciki."

Na fara zuwa zance, kuma ba zan ɓoye ba, ban ji daɗinsa ba. Na saba da hira mai zaƙi, sai ga ni gaban wadda in ta gaishe ni ta tambayi mutan gida, to sai abin da na kawo. In na ce ya gida, lahiya lau. Ya jikin Baba, da sauƙi. Har na koma wa Gwaggo na ce anya yarinyar nan tana so na? Ta ce, "Tana fitowa in ka aika?" Na ce tana fitowa. "Tana sa ka jira?" Na ce a'a. Ta ce to mi kake nema, waƙa?

Sai da Kawuna suka je gaisuwar iyaye na san halin da gidan ke ciki. Mahaifinta tsohon malamin firamare ne, ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku, ko juyawa sai an juya shi, kuma ita ke ba shi abinci a baki safe da dare. Rabin gidan yana jingina. Man gyaɗan nan shi ne cinsu, shi ne maganinsa. Wata biyar ina zama da yarinyar nan a soro, aljihuna da kuɗi, ta san ina da su, da ta yi mini ko shaguɓe da na ba da. Ba ta taɓa ba. A daren na yi istihara, amma gaskiya zuciyata ta riga ta gama yanke hukunci tun a bakin Kawu.

Kowa ya haddace hadisin nan da ke cewa ana auren mace don dukiyarta, ko asalinta, ko kyanta, ko addininta, a kuma rinjayar da ma'abociyar addini. Matsalar ita ce ta ina za ka ga addinin? Hijabi a kasuwa ake sayar da shi, ni kaina na sayar da dubbai. Karatu kuwa baki ne ke yi. Abin da na gane a kan wannan yarinya shi ne amana ma addini ce, kuma ita ce ɓangaren da ba a iya yi don a gani, tunda duk amfaninta a ce ba a gani ba.

An ɗaura a 1997. Kada wani ya zaci na auro wadda ba ta magana. A waje ne ba ta da baki. In aka rufe ƙofar ɗaki, babu wanda ya taɓa gaya mini gaskiya mai ɗaci kamar matar nan. Ita ta raba ni da zaman majalisa har sha biyun dare. Ita ta ce mini rowa nake yi wa ƙannena, alhali ina kashe wa abokai. Ita ta matsa sai da na je Funtuwa na nemi a ba ni 'yata ta fari da ta isa makaranta, ta riƙe ta, ta aurar da ita da hannunta, kuma yarinyar nan ba ta taɓa jin kalma ɗaya marar daɗi a kan uwarta daga bakinta ba. Muna yin faɗa, wani lokaci kwana biyu ba walwala. Amma ko Inna mahaifiyata, da ke da ido kamar shaho, ba ta taɓa ganewa ba.

Allah ya buɗa. Na yi rumfa biyu a babbar kasuwa, na sauke farali a 2006, na gina gida a bayan Ƙofar Ƙaura. Inna ta ce ita ba inda za ta, a ɗakin da aka kawo ta amarya za a ɗauki gawarta. To tun daga makon farko na aurenmu matar nan ta ɗora wa kanta wani abu da ban sa ta ba: kullum da yamma kwanon Inna zai fita. Da muna kusa da ƙafa ake kaiwa, da muka yi nisa yaro ya riƙa kaiwa a keke, daga baya a babur. Tuwon shinkafa ko na dawa mai laushi saboda haƙoranta, miyar kuɓewa ko taushe, nama a kai wanda ya dahu lugub. Ranar Juma'a a ƙara da fura.

A 2008, shekarar da Sarki Muhammadu Kabir Usman ya rasu, na ƙara aure. Ba na neman afuwar kowa a kan wannan, halal ne, kuma amaryata mutuniyar kirki ce, 'yar Dutsin-ma. Inda na yi laifi shi ne yadda na yi shi. Tsoron fitina ya sa na yi ta ɓoyewa har aka sa rana, kayan faɗar kishiya ma a gurguje na haɗa. Daren da na shiga in faɗa mata, na tarar ta riga ta sani. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Alhaji, auren bai yi mini ciwo kamar yadda kake zato ba, Allah ne ya halatta maka. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe maka sirri, ko uwata ba ta san abin da ke aljihunka ba. Sai naka sirrin ne zan ji a bakin mai kitso?" Ban sami amsa ba, har yau ma ban samu ba. Ta yi wata uku ba ta yi mini dariya ba. Amma ranar da aka kawo amarya ita ta tarbi 'yan kai amarya, ita ta raba abinci, dangina suna ta sa mata albarka suna cewa ko a jikinta. Ni kaɗai na san a jikinta ne.

Na kai uwargida Makka a 2011, kuma ba zan ce babu neman wanke kai a ciki ba. Can ta sayi sarƙa da 'yan kunne da awarwaro biyu na gwal, da guzurinta da kuɗin adashinta.

Sai watan Agusta na 2019, aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. Ya same ni a mummunan lokaci, don na zuba duk abin da nake da shi, har da kuɗin mutane, na sayi kaya masu yawa suna ajiye a Maraɗi. Muka ce mako biyu ne, muka ce wata ne. Da na ga masu kuɗi sun fara waya, sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ba 'yan hanyar daji rabin kayan. Aka kama su. Ba ni da bakin kuka, ni na taka doka. Ragowar suna can suna cin kuɗin ajiya har korona ta shigo a 2020, aka kulle kasuwanni, biki ya tsaya, mai sayen shadda ya koma neman gero. A Disambar 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, babu Jibiya a ciki, tamu sai Afrilun 2022. Kafin nan na sayar da mota, na sayar da fili, na saki rumfa ɗaya, kuma har lokacin ana bi na.

Wanda bai taɓa samu ya rasa ba ba zai gane ba. Yunwa ba ta kai fita da safe ciwo ba, ka sa babbar riga, mutane na ce maka Alhaji, aljihunka ko kuɗin Keke Napep babu. Akwai ranakun da na bar gida ban ajiye ko sisi ba, na wuni a rumfa ina kallon hanya, na ƙi dawowa sai yara sun yi barci. A gidan aka koma garin kwaki da rana, da dare tuwon masara da miyar kuka lami. Amarya, da goyo a bayanta, ta ce in bar ta ta je Dutsin-ma ta duba tsohuwarta da ba ta da lafiya. Tsohuwar ba ta da lafiya da gaske, amma ni da ita mun san ba shi kaɗai ba ne. Ta yi wata takwas. Ban riƙe ta a zuciya ba, mai shayarwa ce, yunwa kuma ba ta da kara. Matan unguwa suka fara shigowa da tambaya mai ƙaiƙayi, wai shin amarya lafiya? Uwargida ta ce jinyar uwa take yi, Allah ya ba mu masu yi mana. Da wata ce, ranar ta samu ta rama 2008. Har amarya ta dawo ɗakinta ba wanda ya ji wani abu bayan wannan.

Kwanon Inna kuwa bai yi fashi ba ko sau ɗaya. Wani yammaci na dawo da wuri na ci karo da yaro zai fita da shi, na ɗaga murfin. Tuwon shinkafa, miyar taushe, tsoka uku. A gidan da aka yi mako ba a ga nama ba. Na mayar da murfin na shige ɗaki. Ban tambaya ba. Na san in na tambaya za a ba ni amsa, amsar kuma ba zan iya ɗaukarta ba, sai na zaɓi in zama makaho. Duk Juma'a in na je gaida Inna sai ta ce, "Ana ta kukan an rufe boda, ni dai ɗana Allah ya rufa mashi asiri, kwanona ko canjawa bai yi ba." In ce alhamdu lillahi, Inna. Cikin azumin 2021 Allah ya karɓi abinsa. Ta tafi ba ta san ɗanta ya karye ba.

Bayan addu'ar bakwai, Hajiya tana can tsohon gida wajen karɓar gaisuwa, wata dillaliya ta yi sallama a zaure. Ta yi mini ta'aziyya, ta miƙo kuɗi a ƙulle a leda, ta ce cikon na awarwaro ne, a ba Hajiya. Ta zaci na sani. Na ce wane awarwaro? Matar ta rikice, ta so ta janye, na ce ai kin riga kin fara. Sarƙar Makka ta tafi tun farkon korona. 'Yan kunne suka bi. Keken ɗinki, firiza, har kwanukan garar aurenta da ta ajiye wa 'yan mata. Ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da sharaɗin a kai shi wata unguwa mai nisa a sayar, kar a ce daga gidan wa ya fito.

Da dare na ajiye ledar a gabanta. Na ce, Hajiya, don me ba ki gaya mini ba? Ta ce, "Da na gaya maka da ka hana. Da ka hana da kwano ya canja. Da ya canja da Inna ta gane, hawan jininta kuma ka san shi." Na yi shiru. Sai ta ƙara da cewa, ba da faɗa ba, "Kai ma ai ka buɗe kwanon ran nan, Alhaji. Ina kallonka ta taga." Shekarata hamsin da biyu a lokacin, rabona da kuka a gaban mace tun ina yaro.

Yanzu rumfa ɗaya gare ni, daga Kantin Kwari nake sarin kaya, shi ya sa da aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023 abin bai taɓa ni sosai ba. Na gama biyan bashi bara. Gwal kuwa ya yi tsadar da sai 'yan kunne kawai na iya mayar mata, ƙanana, ba su kai rabin nata ba. Ta karɓa ta sa a kunne ta ce sun fi na da kyau, na san kara ce irin ta Katsinawa.

Ina kallon samarin yanzu ina jin tausayinsu, don abin da Gwaggo ta sha wahalar tonowa da kwalbar man gyaɗa, yau a waya yake a baje, sai dai ba su san shi za su duba ba. Yarinya ta yi faɗa da matar ubanta, kafin magariba ta ɗora a WhatsApp kowa ya gani, saurayin kuma yana danna mata alamar tausayi. Su ma mazan ba su tsira ba. Na zauna a majalisu na ji magidanci da gemunsa yana kwance wa matarsa zani a kasuwa, abin da ta ce, abin da ta dafa, har abin da bai kamata kunne na uku ya ji ba, gobe kuma shi ne mai kukan mata ba su da amana. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ba a ce cikin mace kaɗai ba.

Daren da ɗana ya yi mini maganar nan ban ce masa e ko a'a ba, na ce ya je zan neme shi. Na shiga wajen uwarsa na maimaita mata abin da ya ce. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, yanzu ita ce Gwaggon. Ta tambaya ko ana sayar da wani abu a gidan, aka ce uwar yarinyar tana yin turaren wuta da humra. Ta je sau uku cikin mako biyu, duk da hantsi, har ɗakinta ya cika da turaren da ba ta buƙata.

Bayan zuwa na uku na ce, to mi kika gani? Ta ce abin da ta gani a gidan mutane na gidan mutane ne. Na ce ni fa uban yaro ne. Ta ce ta sani.

"Yarinyar tana da surutu, wannan gaskiya ne. Amma na ga kakarta makauniya a ɗakin baya, ita ke yi mata komai, kuma wannan ɗin ba ta gaya wa ɗanka ba, na tambaye shi. Bakinta ne bai nuna ba tukuna. Shekararta sha tara, Alhaji."

Ta faɗi shekarun tana duban idona. Na kawar da kai.

"A sa rana bayan babbar salla," in ji ta. "In ta zo a bar mini ita shekara guda. Shi kuma ɗanka kai za ka zaunar da shi, don shi ya kwaso maganar gidan surukansa ya kawo maka zaure."

Jibi Kawunsa za su kai kuɗin gaisuwa Rafindadi. Shi kuma na ce ya same ni gobe bayan asuba, ya bar wayar a ɗaki.